Kura da shan bugu: tarihin auduga, masaƙa da jesin ƙwallo a Garwa

 

A shafin tarihi na bana zan yi magana ne a kan haja guda da ta cika rumfunanmu, wato jesin ƙwallo. Jesi baƙo ne a kasuwarmu idan aka kwatanta shi da goro ko kanwa ko shanu. Amma idan aka bi zarensa baya, sai a tarar ya ratsa gonar auduga da masaƙar Garwa, ya kai har ɗakunan ɗinki na ƙasashen Asiya. Abin da nake so mu duba shi ne wa ke ɗinka shi, nawa ake biyansa, sannan mene ne ruwanmu mu 'yan kasuwa a ciki.

Zamanin ayari

Tufa tsohuwar haja ce a wannan hanya tamu. A shekarar 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zauna a Kano, daga baya ya zo Adamawa ya ƙetare Binuwai a inda ta haɗu da kogin Faro, yamma da Garwa, kafin ya isa Yola. Ya bayyana cewa arzikin Kano a kan saƙa da rini yake, kuma kayanta suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus da Adamawa. Fatake ne ke ɗauko turkuɗi da riguna da rawuna a kan jakai, su sauka a zango, su koma da hauren giwa da abin da ƙasar nan ta mallaka. Unguwar Hausare da Kolere ta Barebari a cikin Garwa shaida ce ta wannan zirga-zirga. A ƙasar Fombina kuwa, siririn ƙyallen saƙa da Fulani ke kira leppi shi ne kuɗi, da shi ake saye da sayarwa a kasuwanni da yawa.

Sai dai bai kamata murnar biki ta sa mu faɗi rabin labari ba. A cikin abin da ayari ke komawa da shi daga Adamawa har da bayi, kuma noman manyan gidaje na wancan zamani bayi ne ke yin mafi yawansa, a ƙauyukan gona da Hausawa ke kira rinji, Fulani ke kira rumde. Kalmar tana nan har gobe a sunan unguwar Rumde Ajiya, inda babban filin ƙwallonmu yake. Tun a lokacin akwai mai sa babbar riga, akwai wanda ya yi noma a rana ba a biya shi ko anini ba.

Turawa da auduga

Jamusawa sun ci Garwa da yaƙi a 1901, Ingilishi da Faransawa suka ƙwace ta daga hannunsu a watan Yunin 1915. Dukansu masaƙun ƙasashensu na bukatar auduga mai araha. A Najeriya ƙungiyar BCGA, wadda aka kafa a Ingila a 1902, ta kafa injinan gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sun ɗauka auduga za ta kwararo musu, sai manoma suka karkata ga gyaɗa, masu sayen auduga don masaƙan gida kuma suka riƙa biyan kuɗin da ya fi na kamfani. Inda manomi ke da zaɓi, farashi yakan gyaru.

A Cadi ba a bar masa zaɓin ba. Daga ƙarshen shekarun 1920 aka wajabta noman auduga a kudancin ƙasar don kamfanin Cotonfran. Da igiya ake auna wa mai biyan haraji filin da zai noma, hukuma ke yanke farashi, kamfani shi kaɗai ke saye. A arewacin Kamaru kamfanin CFDT na Faransa ya shigo a farkon shekarun 1950, ya fara daga yankin Kaele. Shi ke ba da iri, shi ke sa ido a gona, shi ke awo, shi ke saye. Idan Binuwai ta cika a tsakiyar damina, jiragen ruwa kan hauro daga Najeriya zuwa tashar Garwa su kwashi dilolin auduga da buhunan gyaɗa, har da na Cadi, su gangara da su bakin teku.

Ma'aikata ba su zauna sun naɗe hannu ba. An yi babban yajin aiki a Duwala a watan Satumban 1945, aka zubar da jini. A watan Afrilun 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas a ƙasashen da take mulka, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, sannan a watan Disamban 1952 aka yi dokar ƙwadago ta ƙasashen renon Faransa, bayan shekaru ana yaje-yajen aiki daga Dakar zuwa Duwala. Duk wani haƙƙi da ma'aikaci ke tinƙaho da shi yau, sai da wasu suka sha wuya a kansa.

Lokacin da masaƙu ke ruri

Dab da samun 'yancin kai da bayansa, shugabanni a ɓangarorin biyu na iyaka sun yi tunani iri ɗaya: maimakon a fitar da auduga ɗanya a sayo atamfa da tsada, a saƙa ta a gida. A Kaduna an buɗe masaƙar KTL a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, Kano ma ta cika da masaƙu a Bompai da Sharaɗa. A Kamaru, zamanin Ahmadu Ahijo wanda haifaffen Garwa ne, aka kafa CICAM a 1965: a Garwa ake kaɗi da saƙa, a Duwala ake rini da buga zane. A 1974 aka kafa SODECOTON mai hedikwata a Garwa, ta gaji aikin CFDT, kuma a shekarar ce layin dogo ya iso Ngaundere, kaya suka koma bin Duwala. Yaƙin basasar Najeriya ya riga ya raunana hanyar ruwa, dam ɗin Lagdo da aka kammala a farkon shekarun 1980 ya ƙara rage mata ƙarfi.

Aikin masaƙa ba hutu ba ne. Akwai ƙurar auduga mai shiga ƙirji, akwai ƙarar inji, akwai aikin dare. Amma akwai albashi a ƙarshen wata, akwai takardar ɗaukar aiki, akwai ƙungiya. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta Najeriya, mai hedikwata a Kaduna, ta yi ƙarfin da babban sakatarenta Adams Oshiomhole ya zama shugaban ƙwadago na ƙasa baki ɗaya. A Garwa kuɗin auduga ne ya haifi ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport a 1986, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008 ta kara da Al Ahly ta Masar. Ƙwallo da auduga a garin nan 'yan gida ɗaya ne.

Daga tsakiyar shekarun 1980 abubuwa suka fara taɓarɓarewa. Najeriya ta shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta faɗi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wutar lantarki ta yi ƙaranci a masaƙun Kaduna da Kano, baƙin mai ya yi tsada, injuna suka tsufa, gwanjo ya cika kasuwa. A ranar 1 ga Janairun 2005 aka cire ƙa'idar da ke iyakance yawan tufafin da kowace ƙasa za ta shigar kasuwannin Turai da Amurka, masana'antun Sin suka ƙara faɗaɗa, atamfarsu mai araha ta malalo ta tashoshin ruwa da hanyoyin fasa-ƙwauri har Kantin Kwari da babbar kasuwar Garwa. KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna jiran haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. UNTL ta dakatar da aiki a 2007. CICAM ta koma dogaro da zanen bukukuwa irin na ranar mata ta 8 ga Maris, kuma a shekarun baya-bayan nan ma'aikatanta sun yi ta kukan bashin albashi.

Auduga dai ba a daina nomawa ba. A 'yan shekarun nan abin da SODECOTON ke saye daga manoma yakan haura tan 300,000 a kaka, a gurje a Garwa da Marwa da Gidar da Kaele da Tuboro, a matse angurya a yi man Diamaor. Amma kusan dukkan farar audugar fita take yi, mafi yawa zuwa Asiya, kuma Bangaladash na cikin manyan masu saye. A kakar 2010 zuwa 2011, da farashi ya yi tashin gwauron zabi a duniya, auduga mai yawa ta tsallaka Najeriya a kan babura da kekuna saboda can an fi biya, kamfani ya kasa dawo da bashin taki. Manomi na neman inda guminsa zai fi daraja, kamar yadda kakansa ya yi wa BCGA.

Inda jesi ke fitowa

Jesin zamani ba da auduga ake yin sa ba. Zarensa na roba ne da ake samu daga man fetur, don haka ko a nan ma manominmu an bar shi a baya, sai dai a rigunan magoya baya da safa da kayan sanyi. Manyan kamfanonin kayan wasa kuma yawancinsu ba su da ɗakin ɗinki nasu. Suna ne da zane da talla suke riƙewa, su ba 'yan kwangila aiki. Kamfanin Nike ya fara ne a 1964 yana sayo takalma daga Japan yana sayarwa a Amurka. Da lada ya tashi a Japan, aiki ya koma Koriya ta Kudu da Taiwan. Da ma'aikatan Koriya suka yi babban yajin aiki a 1987 albashi ya ƙaru, sai aiki ya sake ƙaura zuwa Indunusiya da Sin da Biyetnam. Ƙa'idar ita ce a bi inda hannu ya fi araha.

A 1996 mujallar Life ta Amurka ta buga hoton wani yaro a Pakistan yana ɗinka ƙwallo mai tambarin Nike, duniya ta ɗauka. A 1997 aka sa hannu kan yarjejeniya a birnin Atlanta don hana sa yara ɗinkin ƙwallo a garin Sialkot, inda ake ɗinka mafi yawan ƙwallayen duniya na ɗinkin hannu. A 1998 shugaban Nike, Phil Knight, ya fito fili ya amsa cewa sunan kamfaninsa ya ɓaci da zancen ƙaramin lada da tilasta ƙarin awoyi, ya ɗaga shekarun ɗaukar aiki. A 2005 kamfanin ya bayyana sunayen masana'antun da ke yi masa aiki. Surutun ma'aikata da ɗalibai da 'yan jarida ne ya kawo wannan.

Duk da haka lada bai taka kara ya karya ba. A ranar 24 ga Afrilun 2013 benen Rana Plaza ya rushe a kusa da birnin Dhaka na Bangaladash, mutum 1,134 suka rasu, yawancinsu mata masu ɗinki. An ga tsagewar bango tun ana gobe, amma aka ce su koma bakin keke. Kayan sawa na yau da kullum ake ɗinkawa a wurin, amma tsarin kwangilar ɗaya ne da na kayan wasa. A lokacin mafi ƙarancin albashi taka 3,000 ne a wata, abin da bai kai dala 40 ba. A watan Janairun 2014 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan masu ɗinki a Kambodiya da ke neman dala 160 a wata, aka yi asarar rayuka. A ƙarshen 2023 ma'aikatan Bangaladash suka nemi taka 23,000, aka ba su 12,500.

A 2016 wata ƙungiyar kare masu ɗinki a Faransa, Éthique sur l'étiquette, ta yi lissafin jesin da ake sayarwa yuro 85 a shagon Turai, ta nuna abin da ke shiga aljihun waɗanda suka ɗinka shi bai kai yuro ɗaya ba. A kuɗinmu, riga ce ta kusan sefa 56,000, mai ɗinki bai samu 650 ba. Sauran ya tafi ga mai shago da haraji da mai tambari da kuɗin da ake zuba wa ƙungiyoyi da taurarin 'yan wasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada mu ce abin yana nesa. Habasha ta buɗe babbar unguwar masana'antun ɗinki a Hawassa a 2016, binciken da jami'ar New York ta fitar a 2019 ya nuna tushen albashi a wurin dala 26 ne a wata. A 2022 hukumar cinikayya ta duniya, ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, ta ƙulla yarjejeniya da FIFA don a shigar da audugar Benin da Burkina Faso da Cadi da Mali cikin kayan ƙwallo. Idan masana'antar ta matso kusa da mu alheri ne, amma sai an tambaya da wane lada za ta zo.

Abin da ya iso rumfarmu

Kowa ya tuna watan Janairun 2022, lokacin da Garwa ta karɓi rukunin Najeriya a gasar cin kofin Afirka. An ci Masar ɗaya da nema a ranar 11 ga wata, aka ci Sudan da Gini Bisau, sannan Tunisiya ta fitar da Super Eagles a ranar 23 a filin Rumde Ajiya. 'Yan kallo sun kwararo daga Yola da Mubi da Maiduguri, kore da fari ya rufe gari, masu jesi suka yi ciniki. Amma mu mun san wane jesi ne ya fi tafiya. Na asali kuɗinsa ya kusa albashin wata guda, tunda tun daga watan Maris na 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanonin Kamaru sefa 60,000 ne, a aikin gona 45,000. Abin da talaka ke iya saye shi ne kwafi, wanda ke zuwa daga Sin ta Legas da Duwala, ko wanda ake ɗinkawa a Aba. Masana'antar da ke yi wa mai tambari aiki ko ba komai ana zuwa dubawa, akwai sunan da za a kunyata. Ɗakin da ake ɗinka kwafi babu mai leƙawa.

Na san abin da wasu iyayenmu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Yarinyar da ke ɗinki a Dhaka, idan aka rufe masana'antar, ƙauye za ta koma babu ko sisi. Yaron Garwa da ke son sa rigar Abubakar Vincent ba shi da kuɗin ta asali. Ɗan kasuwa kuma bai kafa wannan tsari ba, ribarsa a kan jesi ɗaya ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba bayan ya biya duwan da kwastan da shingayen hanya. Duk gaskiya ne, shi ya sa ba na kiran a daina sayar da jesi. Ma'aikatan can su da kansu ba su roƙi a ƙaurace wa kayansu ba. Ƙarin albashi suka nema da gini mai lafiya da damar kafa ƙungiya, kuma tarihin da muka bi ya nuna ta wannan hanya ake samun gyara, a Duwala ne ko a Koriya.

To idan hannunmu bai kai Dhaka ba, ya kai bakin rumfarmu. Akwai ɗan dakon da ke sauke dila daga mota, da mai babur da ke bin hanyar daji da kaya daga Mubi, da telan da ke kwana a kan keke idan salla ta matso ko makaranta ta ba da kwangilar kayan wasanni, da yaron da ke buga lamba da suna a bayan jesi, da yaron shago da ya yi shekaru yana jiran sallama. Irin ƙorafin da ke zuwa teburin ofishin ƙungiya kusan kala ɗaya ne: an yi aiki ba a yanke lada tun farko ba, ko an ce sai kaya sun fita, ko an yi alkawarin sallama da baki babu shaida, da aka samu saɓani kowa ya rantse. Ana jin kunyar tambayar mai gida, shi kuma mai gida yana ganin ci da sha da wurin kwana sun wadatar. Abin da malamanmu ke faɗa a kan mumbari game da gumin ma'aikaci babu wanda bai sani ba a cikinmu.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu shugabanni, cikin girmamawa, a sa waɗannan abubuwa a ajandar babban taro mai zuwa. A buɗe littafi a ofis inda za a rubuta yarjejeniyar kowane yaron shago: ranar da ya fara, shekarun da zai yi, abin da za a sallame shi da shi, da sa hannun waliyyinsa da shaidu biyu. A zauna da shugabannin 'yan dako a yanke kuɗin sauke dila da loda mota, a liƙa a bakin tasha da sefa da naira, a riƙa sabuntawa idan canji ya motsa. Wanda ya karɓi kwangilar ɗinki ya ba tela rabin kuɗinsa kafin a fara, sauran a ranar da ya kawo kaya, ba sai an biya mai kwangila ba. Yaron da bai gama firamare ba kada a tsare shi a shago a lokacin makaranta. Sannan ankon bikinmu na baɗi a ba telolin Garwa da Yola su ɗinka, da yadin gida idan ya samu, a biya su farashin da mu ma za mu yarda a biya 'ya'yanmu.

Littafin yarjejeniyar ba zai ci ƙungiya komai ba sai kuɗin takarda da biro, kuma ofis a shirye yake ya riƙe shi daga ranar da taro ya amince. Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya tsare mana hanya, ya sa mu ga na baɗi lafiya.

Naku,
Akawun ƙungiya, Garwa